Da Yatsansa Na Sa Ya Goge Muryar Baba Yohanna

Gaisuwa gare ka mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Don Allah a ɓoye sunana. Sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san za ku zage ni, ni ma da wani ne ya rubuto wannan da na riga ku zaginsa. Amma ba zagi na zo nema ba, shawara nake so, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a Kafanchan, ina da ɗan shago ba nisa da kasuwa. Kowa Injiniya yake ce mini, ko da yake ban taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba, a hannu na koya. A coci kuma ina cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, bas nake rerawa, muryar nan mai kauri, tun da muryata ta buɗe. Wanda ya koya mana waƙa shi ne Baba Yohanna, tsohon shugaban kwayarmu, mutumin da bai yarda a rubuta waƙa a takarda ba. In ka kawo masa takardar do-re-mi sai ya ce ka kai wa mai ƙosai ta naɗe ƙosai da ita. Shi ke ƙirƙiro waƙoƙinsa, wasu da Hausa wasu da yarenmu, ya raba kowace waƙa murya huɗu a cikin kansa. Sai ya tsaya gaban 'yan sofrano ya siranta murya kamar tsohuwa har su kama, ya koma wajen alto, ya zo teno, ya ƙare da mu 'yan bas. Akwai na Ista, akwai na godiyar kaka, akwai na jana'iza, wasu ma sai a yi shekaru ba a taɓa su ba, suna nan a kansa kawai.

Ni na ɗauka ni zan gaje shi. Wa ma ya isa ya ja da ni? In na buɗe baki kwanon rufin cocin har rawa yake yi. Ni ke haɗa lasifika, ni ke gyara makirfo, ni ke ɗauko Baba a babur ran da ƙafarsa ta kumbura. Amma da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, sai ya tsaya a gabanmu ran gwajin waƙa ya ce Malam Bulus ne zai riƙe kwaya. Malam Bulus malamin firamare ne, teno yake yi, siriri kamar an matse shi, ga i'ina. Kafin ya gama ce maka ina kwana ka kai bakin titi. Sai dai in ya fara waƙa i'inar ta ɓace, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Wata daga cikin 'yan alto ta ce, “Baba, to Injiniya fa?” Baba ya dube ni ya ce, “Injiniya yana da murya, amma ba ya jin kowa sai kansa. Bulus yana jin kowa.” 'Yan matan sofrano suka rufe baki suna dariya. Ni ma na yi dariya, har na je na rungume Malam Bulus. Daga ranar nake jiran sa.

Da Baba ya kwanta, Malam Bulus ya yi wani tunani da ni ban yi ba, wannan ma ya ƙara mini haushi. Ya karɓi laftof ɗin coci, in ya tashi daga makaranta sai ya wuce gidan Baba, ya ajiye ta a kan kujera kusa da gado, Baba ya rera kowace waƙa murya-murya yana ɗauka. Haka suka yi ta yi har Ubangiji ya kira Baba. Bayan jana'iza dattawan ikkilisiya suka ce in shekara ta zagayo za a yi babbar sujadar tunawa da shi, a gayyato kwayoyin cocin ƙauyuka, a rera waƙoƙinsa har da tsofaffin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Kowa ya kwantar da hankali, tunda ai komai yana cikin laftof.

Sai ga Malam Bulus wata rana a ƙofar shagona, rungume da laftof ɗin a ƙirji kamar ya kawo yaro asibiti, rigarsa ta jiƙe da gumi.

“I-Injiniya, ka taimake ni. Wurin da waƙoƙin Baba suke ya ƙi buɗewa. Yana ta ce mini in yi fomat.”

“Ka yi?”

“Ban ta-taɓa ba. Na tuna ka ce mana kada mu danna abin da ba mu sani ba.”

“Kana da kwafi a wani wuri?”

Ya sunkuyar da kai. “Ina da niyya.”

Na ce masa niyya ba ta buɗe kwamfuta, ya bar ta ya dawo jibi.

Bari in yi muku bayani kaɗan don ku gane girman abin da na yi. A cikin kwamfuta akwai rumbun da take ajiye komai, mu muna ce masa had-dis. Akan raba shi biyu kamar ciki da falo, wannan rabon shi ne fatishan. Ɗaya C, inda kwamfutar ke ajiye kayan aikinta, ɗaya D, inda Malam Bulus ya zuba waƙoƙin. A bakin kowane fatishan akwai ɗan bayanin da ke gaya wa kwamfuta inda ya fara da yadda aka jera kayan ciki. Batirin laftof ɗin cocin ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta a wuta take aiki, shi kuwa yana cikin gyara sunayen waƙoƙi aka ɗauke wuta, ta mutu ɗif. Ɗan bayanin nan ne ya lalace. Shi ya sa D ɗin ke nuna RAW, wato kwamfutar ta ga ɗaki amma ba ta gane ƙofarsa ba, sai take ba da shawarar a rushe a sake. Kayan ciki kuwa suna nan, ba abin da ya taɓa su.

Na yi aikin yadda ya kamata, don a sana'ata ban da wasa. Na ciro had-dis ɗin na jona a kwamfutata, na kara kunne ko zan ji yana ƙas-ƙas irin na mai shirin mutuwa, shiru, lafiyarsa ƙalau. Dokar farko a aikinmu ita ce ba a rubuta komai a kan rumbun da ake neman ceto, don haka na kwafe shi gaba ɗaya, ciki da bai, zuwa wani had-dis nawa, na yi aiki a kan kwafin. Irin wannan fatishan yana ajiye kwafin ɗan bayanin nan a can ƙarshensa, na sa manhaja ta nemo shi, na mayar da shi wurinsa. Nan take D ya buɗe. Ga waƙoƙi jere, kowace da jakarta, a ciki sofrano, alto, teno, bas, an tsara su tsaf irin na malamin makaranta. Na danna ɗaya. Sai na ji tarin Baba, sannan ya ce, “Bulus, ya fara ɗauka?” Sannan ya siranta murya ya fara.

Na rantse muku na ɗauki waya zan kira Malam Bulus. Har na nemo lambarsa. Sai na hango ran Lahadi, yana tsaye a gaban ikkilisiya yana ba da shaida da i'inarsa, mata na guɗa, Fasto na cewa a gode wa Allah da ya ba mu shugaban kwaya mai hangen nesa. Ni fa? A ƙarshen sanarwa a ce an gode wa Injiniya da ya duba mana na'ura, kamar wanda ya yi facin taya. Na ajiye wayar. Ba shaiɗan ba ne ya ruɗe ni, kada ku ba ni wannan uzurin. Hankalina kwance yake, har na tashi na sayi masara gasasshiya na ci ina tsara abin.

Da na ce masa sun ɓace kawai, zai iya kai ta wani shagon, kuma wannan gyaran ko wanda ya fara koyo bara zai iya shi. Dole asalin ya mutu. Kuma ban so ya mutu a hannuna ba. Na mayar da had-dis ɗin cikin laftof yadda ya zo, da RAW ɗinsa, na ɓoye kwafina a durowa.

Malam Bulus ya dawo da alli a hannun rigarsa, daga aji ya taho. Na ja masa kujera kusa da ni, na yi fuskar likita. Na ce, “Malam, na gwada duk hanyoyin da na sani, saura ɗaya. Sai an yi fomat ɗin nan. Kamar share ɗaki ne, sai an share sannan na'urata za ta ga abin da ya faɗi ƙasa. Amma akwai haɗari. Kayan coci ne, kai ne shugaba, ni ba zan danna ba.” Ya tambaye ni in da ni ne zan yi? Na ce masa da ni ne da tuni ina da kwafi uku. Ya haɗiye wannan. Na buɗe masa wurin fomat. To a wurin akwai wani ɗan akwati da ke zuwa da alama a ciki, na fomat mai sauri. In alamar tana nan, sama-sama ake gogewa, irinmu za mu iya tono kusan komai daga baya. In ka cire ta, kwamfutar za ta bi rumbun daga farko har ƙarshe ta shafe kowane lungu, ba mai gyaran da zai dawo da ko tari ɗaya. Ina tunanin yadda zan cire ta yana kallo, sai ya ce, “Ba-bari mu yi addu'a tukuna.” Ya rufe ido, ya ɗora hannu a kan murfin laftof ɗin, yana roƙon Ubangiji ya tsare muryar bawansa. Yana cikin addu'ar na cire alamar. Da ya gama na ce amin da ƙarfi, da muryar bas. Na tura masa mawus, linzamin kwamfutar, na ce, “Danna.”

Ya danna. Irin wannan fomat ɗin yana daɗewa, sai wani koren layi ke ta jan ciki a hankali. Na sayo masa kunu mai sanyi. Muka zauna yana ba ni labarin yadda Baba kan manta baiti ya yi wa kansa faɗa, da yadda Mama Saratu, matar Baba, kan leƙo ta ce su bar tsoho ya huta. Yana dariya, yana leƙen layin, yana tambaya ta ko alama ce mai kyau da yake tafiya a hankali. Na ce ƙwarai kuwa. Da ya gama na kunna manhajar tono a gabansa don ya gani da idonsa, ta yi ta bincike, ta fito da fili fetal. Ya ce, “Ko ɗaya?” Na ce, “Ko ɗaya.” Bai yi kuka ba. Ya dai zauna yana kallon yatsansa, sannan ya tashi ya ce ya gode da wahalar da na yi. Kun san me na ji a lokacin? Daɗi. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ba ni kunya, kuma ita ce ta sa nake rubutowa baƙi maimakon in je wurin Fasto.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na shiga saka abin ji a kunne a shago, ina gyaran kwamfutocin mutane ina haddace waƙoƙin Baba murya-murya. A wajen gwajin waƙa kuma in zauna a layin bas in yi shiru, in bar Malam Bulus ya fara koyar da tsohuwar waƙa daga abin da ya rage a kansa. Teno yana tunawa, tunda tasa ce. In ya zo alto sai ya kama lalube, ya hau ya sauka, mata su bi shi su watse. In ya tsaya zai yi bayani i'ina ta riƙe shi. Ba na saurin ceton sa. Sai na bari gumi ya keto masa, 'yan mata sun fara duba waya, sannan in ɗaga hannu in ce, “Malam, ka yi haƙuri, kamar ba haka Baba ke yi ba.” In rera alton daidai, har da inda Baba ke jan numfashi. Ran farko da na yi haka wata tsohuwa a alto ta dafe ƙirji ta ce, “Shi ne, shi ne wannan.” Wani saurayi a bayana ya ce, “Oga Injiniya, abeg ka karɓi sandan shugaban kwayar nan kawai mu huta.” Aka yi dariya. Na ce masa ya yi shiru, a girmama shugaba, ina faɗa ina kallon Malam Bulus. Shi kuwa sai ya matso ya ce, “Sake yi, ɗan'uwa, in ko-koya.” Ya tsaya a gaban kwayarsa yana koyo a wurina.

Magana ta bazu a coci cewa baiwar Baba ta sauko a kaina. Mama Saratu ta tare ni bayan sujada ta riƙe hannuna biyu ta ce, “Yaro na, ashe kana ji. Baban ku ya yi maka kuskure, da yana nan da ya roƙe ka gafara.” Na sunkuyar da kai na ce ba komai Mama, duk alherin Allah ne. Wace irin zuciya ce ke karɓar wannan daga bakin gwauruwa ta kuma je gida ta ci tuwo har da ƙari? Tawa ce.

Dattawa suka kira zama a kan maganar laftof, suka kira ni a matsayin wanda ya san aikin. Suka tambaye ni wa ya danna fomat. Na ce ba na so in yi magana a kan ɗan'uwana. Suka matsa, na ce na gaya masa akwai haɗari. Ba ƙarya na yi ba, ai na gaya masa. Wani dattijo ya ce ko akwai wani abu a cikin laftof ɗin da ba na coci ba? Ina iya cewa ban duba ba. Sai na yi ajiyar zuciya na ce akwai tambayoyin jarrabawar makarantarsu da fina-finan katun na yaransa. Ba su da alaƙa da lalacewar ko kaɗan, na sani, amma na bar su suka haɗa da kansu. Malam Bulus ya miƙe zai yi bayani, kalmar farko ta maƙale masa, ya yi ta bugun cinyarsa da hannu yana neman ta fito, dattawa na kallon agogo. A ƙarshe abin da ya iya fitarwa shi ne laifinsa ne. Suka ce ya sauka ya huta har a gama sujadar tunawa, Injiniya ya riƙe kwaya. Ba su kira shi horo ba, amma tun ranar a bencin baya yake zama, kusa da ƙofa, inda waɗanda ke ƙarƙashin horo ke zama. Ba wanda ya tura shi can, shi ya kai kansa. In ina kaɗa hannu a gaba ina hango bakinsa yana bin teno ba sauti.

Na so in gyara, ko in ce na so in gyara ba tare da na yi asara ba. Na tsara cewa bayan an tabbatar da ni zan ce na sake gwada wata sabuwar manhaja, Allah ya yi abin al'ajabi, waƙoƙi sun dawo. In ci riba biyu. Sai sakataren coci ya rushe mini shirin ba da saninsa ba. Zai je Kaduna, ya ɗauki laftof ɗin, shi da Malam Bulus suka kai wa wani babban mai gyara a can. Ranar ban iya aiki ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Suka dawo da amsa, sakatare ya karanta ta a gaban ikkilisiya: rumbun an shafe shi tas, ba wani ɗan Adam da zai fitar da komai daga cikinsa har abada. Ya ce mai gyaran ya ce an cire wata alama kafin a danna, wanda ya cire ta ko dai bai san komai ba ko kuma ya san komai. Sai sakatare ya ƙara da cewa Malam Bulus ya amsa a can cewa mawus ɗin a hannunsa yake. Bayan sujada Malam Bulus ya same ni a gindin mangwaro ya ce, “Tun daga Kujama nake tu-tunani a mota. Hannuna yana rawa ranar. Ko ni na taɓa alamar ban sani ba?” Ya kafe ni da ido yana jira. Ba zargi a idon, roƙo ne, so yake in ce masa a'a. Na ce, “Zai yiwu.”

To kun ga inda na tsaya. Ƙofar abin al'ajabi ta rufe. In waƙoƙin nan suka fito yau, ko yaron Sande Sukul ya san daga durowar wa suka fito.

Malam Bulus kuma bai zauna ba. Duk Asabar sai ya hau tsohon babur ɗinsa cikin ruwan nan na damina, ya tafi Godogodo, ya tafi Fadan Kagoma, ya shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, yana neman tsofaffin 'yan kwayar da suka yi aure ko suka koma gona. Ya same su a gonar citta ko a bakin murhu, ya kara musu waya su rera abin da suka tuna. Ya rame, wandonsa har ninkawa yake a ƙugu. Matarsa ta daina gaishe da mutane a coci. Ni kuwa an ɗinka mini sabuwar riga ta shugaban kwaya.

Shekaranjiya ya shigo shagona, takalminsa duk jar laka. Ya ajiye wayarsa a kan teburina ya ce in kwafe abin da ya tara in ajiye a wurina, don shi abu ba ya zama a hannunsa. An ba kura ajiyar nama. Na buɗe durowa, had-dis ɗin da ke kusa shi ne wancan mai kwafin waƙoƙin Baba, na ɗauko shi na jona a gabansa. Na buɗe sabuwar jaka na zuba muryoyin tsofaffinsa, masu rawa, masu tari, rabi da rabi, kaji na kuka a baya. Jakar Baba tana nan a samanta, na sa mata sunan wani kwastoma, yana kallon ta bai san me yake kallo ba.

Sannan ya ce akwai wata magana. Mama Saratu ta kira shi. Akwai waƙar da Baba ya yi lokacin da ɗansu na fari ya rasu yana jariri, da yarenmu, bai taɓa koya wa kwaya ba, bai taɓa rera ta a coci ba. Sau ɗaya ya rera ta a gaban laftof, kwanaki kaɗan kafin ya rasu, ya ce a ajiye wa Mama. Ita Mama ba ta iya ta ba, don duk ran da ya fara ta sai ta fita daga ɗakin. Yanzu ta ce ita kaɗai take so ta ji ran sujadar, sauran duk a bar su in an ga dama. Malam Bulus ya ji ta sau ɗayan nan, rabi ya tuna. Ya ce, “Na san ba ka wurin. Amma Allah ya ba ka abin da bai ba ni ba. Bari in rera, wa-wataƙila wani abu ya zo maka.”

Ya tsaya a tsakiyar shagona, tsakanin matattun firinta, ya rufe ido ya fara. Na san waƙar. Na saurare ta har ban san adadi ba, ita ce ta ƙarshe a jerin, Baba yana rera ta yana haki. Malam Bulus ya kai tsakiya, inda uban ke tambayar yaron ko ya sami wanda zai goya shi a can, sai ya tsaya cak. Baitin da ke biye yana kan harshena, har leɓena ya motsa. Amma wannan ba zan iya cewa na tuna ta ba, ba inda zan ce na ji ta. Na ce, “Sake daga farko.” Ya sake, ya tsaya a wurin. Na ce ya sake. Ya sake, ya zo wurin, muryarsa ta karye, ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hular kwano. Ya ce, “Sau ɗaya aka ba ni ajiya a rayuwata.” Na dafa kafaɗarsa na ce ya yi haƙuri, ya je gida ya huta. Da ya fita na saka abin ji a kunne na saurari sauran.

Sujadar ran Lahadi mai zuwa ce. A ranar za a tabbatar da ni shugaban kwaya, kuma Malam Bulus ne ya roƙi dattawa a bar shi ya miƙa mini sandan da hannunsa. Mama Saratu za ta zauna a layin gaba tana jiran waƙar da ba za ta zo ba, shi kuma zai tashi ya rera mata rabi ya nemi gafararta, ya riga ya gaya mini haka zai yi. In na fito da had-dis ɗin, na gama a cocin nan da garin nan, ba mai sake kawo mini ko ɗan filas na kwamfuta, 'ya'yana za su girma da sunan abin da ubansu ya yi lokacin da ake addu'a. In na tura waƙar a ɓoye ta wata baƙuwar lamba, mutum biyu kaɗai suka taɓa rumbun nan kafin a shafe shi, kuma ɗaya duk gari ya ga yadda ya koma. In na yi shiru, ba wanda zai taɓa sani, shi kuma zai mutu yana zargin yatsansa. Kuma kada in yaudare ku, har yanzu akwai wani ɓangare na zuciyata da ke son sandan nan, da ke cewa rigar ta yi mini kyau.

Ku da ba ku san fuskata ba, ku gaya mini gaskiya. Me zan yi?